Ranar da Mai Wankan Gawa Ta Yi Magana

Tanut, ranar Lahadi

Ƙanena Mamman,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajara da yara. Yaya aiki, yaya zaman Agadas? Mu nan lafiya lau, gero ya shiga rumbu.

Tun da aka binne ƙanwarmu Zinaru, aka ce wai faɗuwa ta yi a bakin rijiya, na daina ganin mutuncin garin nan. To jiya, ranar kasuwa, mata suka fito, har da na ƙauyukan Gangara da Falanko a kan amalanke, suna cewa dukan mata ya isa haka. Wallahi ban san lokacin da na shiga cikinsu ina dogara sandata ba!

Sai Inna Dije, wadda ta yi wa Zinaru wanka, ta tsaya gaban jama'a. Ka san mai wankan gawa ba ta faɗin abin da ta gani. Ta ce, "Allah ya yafe mini, amma shatin bulala na gani a bayan yarinyar nan." Mijin Zinaru yana wurin, riƙe da igiyar akuyarsa, ya kasa ɗaga kai.

Ka gaida mutanen gida, ku sa marigayiya cikin addu'a. Gaskiya ta fito, Mamman, amma Zinaru ba ta ga auren 'yarta ba.

Yayanka,
Isufu