Ina Rufe Ido a Gaban Keken Ɗinki

Anti, don girman Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina. A coci kallon mai ƙarfin bangaskiya ake yi mini, ni kuwa tsoro ya gama cinye ni.

Ni mai ɗinki ce a wani kamfani da ke yin kayan makaranta. Muna da yawa a zaure ɗaya, kekunan lantarki a jere, ƙara kamar kai zai tsage. Doka ce kowa ya bar wayarsa a akwatin bakin ƙofa sai an tashi. Ɗana ɗaya ne, Auta muke ce masa duk da shi ne na fari, kuma yana da farfaɗiya. Babansa ya rasu. Surukata ce ke zama da shi, ga tsufa ga ciwon gwiwa. Da na saki wayar nan sai gabana ya hau faɗuwa, in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji.

Wata 'yar zumuntarmu ta matan coci ta ce in riƙa yin gajeriyar addu'a a bakin aiki. Na tsara tawa, ina roƙon Yesu ya riƙe Auta, ya tsare kansa da harshensa, ni ma ya riƙe ni. Duk rigar da na gama sai in yi. Gaskiya da farko na ji sanyi a raina.

Sai ranar da aka kawo aikin gaggawa. Ko ruwa ban sha ba, balle addu'a. Da aka tashi na tarar da kira birjik a wayata. Ashe ya faɗi a banɗaki, goshinsa ya fashe a siminti, maƙwabta ne suka kai shi asibiti. Surukata ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Cewa kawai ta yi yaron da uwa ke lulluɓe shi da addu'a ba ya irin wannan faɗuwa.

Tun ranar addu'ar ta zame mini dole. In wani ya katse ni, sai in sake daga farko. Kuma ni tun a makarantar Lahadi aka koya mana ba a magana da Allah ido a buɗe, malamarmu har ranƙwashi take yi. Tsayar da keke kuwa ba dama, aiki zai taru a gabana. Sai in rufe ido, ƙafata na kan feda. Wayyo Anti! Allura ta ratsa farcena, jini ya ɓata fararen riguna. Shugabar sashenmu ta ɗauka gyangyaɗi nake yi, ta ce in ta ƙara ganin idona a rufe in ɗauki jakata. Na kasa gaya mata gaskiya, kunya nake ji.

In aikin nan ya tafi, maganin Auta ya tafi. In na daina addu'ar kuma ya faɗi, ina zan sa kaina? Makon jiya ban tsallake ko ɗaya ba, amma ya faɗi. Sai zuciyata ta ce ƙila akwai wadda na yi da rabin hankali. Har haushin Allah nake ji, in dawo ina neman gafara. Ki gaya mini gaskiya, ni ce nake ka da ɗana?

Uwar Auta

*

'Yata, a'a, ba ke ba ce. Ciwo ne ke ka da shi, kuma ciwon ba ya leƙa zaurenku ya ga ko kin yi addu'a. Kin gani da idonki makon jiya, tsoro ne ya hana ki yarda.

Shawarar 'yar zumuntarku mai kyau ce, amma kin mai da addu'a aikin gadi, kamar in kin kau da kai Allah zai saki yaron. Ba haka yake ba. An koya muku rufe ido ne don yara su natsu, ba don kunnen Ubangiji yana jikin fatar idonki ba. Daga gobe ki yi ta ido a buɗe, a kan allura. In aka katse ki, kada ki sake, an riga an ji. Gabanki zai faɗi a kwanakin farko, ki daure, zai ragu. Addu'a mai tsawo kuwa ki bar ta sai lokacin hutu, ki zauna, ki ja numfashi a hankali, ki faɗa wa Allah har haushin.

Shugabarku ba muguwa ba ce, yatsunki take karewa, kuma abin da ta gani ta hukunta. Ki same ta ita kaɗai ki gaya mata komai, ki roƙi a ba surukarki da maƙwabta lambar ofis. In kin san za a iya kiran ki, rabin tsoron zai sauka.

Maganar surukarki ta yi zafi, kuma ba daidai ba ce. Amma tsohuwa ce da ta binne ɗanta, take ganin jikanta yana shure-shure a ƙasa ba ta iya ɗaga shi. Ki nemi matar fasto ta zauna da ku biyu, a kuma samu wani mai ƙarfi a kusa da zai riƙa leƙa su. Ki mai da Auta wurin likita tunda faɗuwar ta ƙaru, ke ma ki faɗi abin da ƙirjinki ke yi, yana da magani.

Ba zan yi miki ƙarya ba, zai iya sake faɗuwa ko da kin wuni a durƙushe. In ya farfaɗo, ba zai tambaye ki addu'a nawa kika yi ba, hannunki zai nema. Ki kula masa da hannun nan. Ubangiji ya ba Auta lafiya, ke kuma ya ba ki hutu.

Anti