Maɓallin Neman Taimako

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aikin nan naka da ya hana ka neman kowa. Mu nan lafiya lau, in ka cire Mama, kuma kai ne sila.

Ka tuna zanen ƙwarangwal da na aiko maka na manhajar masu sayar da gas? Akwatuna ne kawai da fensir, ba kala ba ado, don a ga inda kowane maɓalli zai zauna kafin ka fara gina komai. Sai da na bi dattawan unguwarmu, na miƙa musu takardar su riƙe kamar waya, na ga inda babban yatsansu ke sauka. Shi ya sa na ajiye maɓallin oda a ƙasa, na kai na neman taimako can sama a kusurwa. Kai kuwa, sarkin iyawa, ka ce zanen 'yan firamare ne. Ka jera su gefe da gefe, duka jajaye, wai ya fi kyau a ido.

Wannan ma da sauƙi. Akwatin da na bari ba komai, na rubuta a jikinsa cewa lambar kamfanin za a sa, wadda maɓallin neman taimako zai riƙa kira, sai ka cusa lambar Mama don gwaji, tunda ita kaɗai ka haddace. A haka ka saki manhajar ga jama'a. Wallahi raina ya ɓaci, da kana kusa da sai na ja kunnenka, da gemunka da komai.

Yanzu duk wanda yatsansa ya zame, wayar Mama ce ke ƙara. Jiya wani ya balbale ta da faɗa kan tukunyar gas ɗinsa da ba a kawo ba, ta yi ta ba shi haƙuri, har da sa masa albarka. Likita ya ce ta huta saboda hawan jini, ga shi ko barcin rana ya gagare ta. Ƙafafunta sun kumbura da zirga-zirga tsakanin kicin da inda take cajin wayar.

Na ce ta kashe wayar, ta ƙi. Na ce ta daina ɗaukar baƙuwar lamba, ta ƙi. Da na matsa mata sai ta gaya min dalili. Tun da ka koma can ka canza layi ba ka ba kowa ba, ni ma ta imel nake samunka. Duk baƙuwar lambar da ta shigo, da sauri take tashi, ko kai ne.

Ka gyara manhajar yau ɗin nan. Amma kada ka kuskura ka cire lambar kafin ka kira ta, don ban san yadda za ta yi da shirun ba.

Ka gai da abokan aikinka.

Yayarka, wadda har yanzu ba ta huce ba.