Motar Baba Ta Tashi

Yelwa, Jihar Kebbi

Zuwa ga Yaya Hamisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya Ikko, yaya aiki, yaya iyali? Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Albishirinka, ba za a sayar da motar marigayi Baba ba. Giyar nan tata mai canza kanta ta daina kamawa, sai kuka ba tafiya, har Kawu ya kawo mai saye. Na roƙa a bari Dauda makanike ya duba tukuna. Da ya kwance farantin ƙarƙashin giyar, sai mai ya zubo baƙi ƙirin yana warin ƙuna, filta, wato matatar man, ta toshe. Ya sa sabuwa, ya zuba jan mai, ya ce, "Sani, hau mu gani."

Na ja ta har Wara, giya na shiga sumul, na dawo da kwandunan kifi. Inna ta fito zaure tana dariya tana share hawaye, ta ce, "A ba mai sayen nan ruwa ya sha, ya koma gida."

Ka sa mu a addu'a, Allah ya tsare hanya. Ka gaida Yaya Rabi da yara.

Ƙaninka,
Sani