Sarƙar Bijimi a Rijiyar Danwarai

Danwarai, Talata

Zuwa ga Hauwa'u, uwar Ihsan,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da jaririya da Inna. Yaya wankan jego? Na ba ɗan kabu-kabu wannan takarda, don waya ba ta shiga a nan.

Mun gama haƙa, saura saukar da zobban siminti cikin rijiya. Babbar sarƙarmu tana wurin wani aiki a Aliero, don haka Alhaji Sharif, mai gonar albasan, ya ara mana wadda yake ɗaure bijiminsa da ita. Kaurinta bai wuce na biro ba. Na bi ta gaɓa-gaɓa, na ga wasu sun miƙe kamar ƙwallon dabino. Ta kuma yi tsawo, sai abokan aikina suka ƙulla ta a tsakiya, ƙulli kuwa yana murɗe ƙarfe.

Na ce a jira babbar. Alhaji ya ce abin da ya riƙe bijimi zai riƙe siminti. Na ce bijimi a kan ƙafafunsa yake tsaye, zobe kuwa a rataye. Ƙanenki Rufa'i ya yi dariya, wai Yaya ya fara haƙa rijiya da lissafin sakandare. Wataƙila suna da gaskiya. Kin san ni da zullumi.

Mijinki,
Zakariyya

Jega, Alhamis

Hauwa'u,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Jiya na ƙi sauka, na ce kada kowa ya shiga sai zobe ya zauna. Na farko da na biyu suka sauka lafiya, aka yi ta yi mini tsiya, har na fara jin kunya. Na uku ya maƙale a karkace. Ina can ina kwaɓa siminti, Rufa'i ya sauka don ya daidaita shi. Masu jan sarƙar suka fizga sama da ƙarfi, sarƙar ta tsinke daidai ƙullin.

Yana da rai, yana magana. Ƙafarsa ta hagu ce zoben ya danne. Muna asibiti, ba nisa da ku, amma kada ki fito. Ki ce wa Inna rauni ya ji, sauran ki bar mini.

Naki,
Zakariyya

Jega, Lahadi

Hauwa'u,

Ina gaishe ku, ina tambayar jikin Inna. An yanke ƙafar daga gwiwa. Da ya farfaɗo sai ya tambaye ni ko an gama rijiyar.

Alhaji Sharif ya zo dubiya, ya yi kuka, ya ce ƙaddara ce. Ban musa ba. Amma a bakinsa na ji ya kai sarƙar wurin mai walda an haɗe ta, ya ara wa masu haƙa a Maiyama. Ya ce yanzu ta fi da ƙarfi. Gobe da safe za su fara saukar da zobba.

Na aro zarton ƙarfe, yana cikin jakata. Bayan asuba zan hau babur zuwa Maiyama. Ban san mutanen ba, kuma na san ban iya magana a saurare ni ba. Don haka wannan karon ba zan yi bayani ba sai na gama yanka sarƙar.

Idan kin ji an kama ni, ki aika wa Rufa'i kunu. Ba ya cin abincin asibiti.

Mijinki mai kewarku,
Zakariyya