'Yan Bene da 'Yan Zaure

Misfala, Makka
Rajab, 1372

Zuwa ga Malam, Baban Saudatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da kewa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya a Dahran, kai da abokan aikinka. Ya zafin wurin, ya ciwon bayan nan naka? Mu dai lafiya lau muke. Saudatu ta shiga Tabaraka, tana gaishe ka.

Malam, wata magana ce ta tsaya mini a wuya. Idon Inna Ummulkhairi ya ƙara lalacewa, ko rubutun allo ba ta gani. Ta kira mu ta ce kafin azumi za ta sauka daga shugabancin makarantar, ta miƙa wa ɗayanmu, ni ko Fatsuma. Wadda aka ba, ita yara za su riƙa kira Fakiha, kamar yadda mutanen Makka ke kiran babbar malama.

Ka san yadda gidan yake. 'Ya'yan Larabawa da na Jawa da na Bukhara suna bene a kan darduma, iska na shigo musu ta tagogin katako, Fatsuma ce ke koyar da su. 'Ya'yanmu na Takari suna zaure tare da ni a kan tabarma, kusa da awakin Inna, gumi na ɗiga a allo yana wanke tawada. Tun kafin a haifi Saudatu nake cewa wannan rabon ba adalci ba ne, har aka sa mini suna mai neman fitina.

To yanzu iyayen 'yan bene sai zirga-zirga suke wajen Inna, wannan da turare, waccan da halawa, kowacce Fatsuma, Fatsuma. Ni ban ce ba ta da karatu ba. Amma ni na riƙe hannunta ranar da ta fara rubutu a allo. Ubanta Bakano ne kamar nawa, uwarta ce kawai Bahadramiya, Balarabiya, ta ba ta hasken fata da Larabci mai santsi. Ni kuwa a goye aka zo da ni ta Chadi da Sudan, har gobe harshena da nauyinsa. In ta sauko daga bene yara na rububin sumbatar hannunta, sai in ji wani abu ya soke ni a ƙirji. Har 'yarka ta fara ɗaura mayafi irin nata, na kwance shi na sake ɗaura mata.

Ka sa ni a addu'a. In Allah Ya ba ni, ranar farko zan hau da 'yan zaure sama.

Garba direba ne zai kawo maka wannan.

Matarka,
Rumasa'u

Misfala, Makka
Sha'aban, 1372

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kana lafiya. Takardarka ta iso, na ga haƙurin da ka cika ta da shi tun daga sama har ƙasa. Na gode, amma kai ba ka nan.

An gama. Inna ta ba Fatsuma. A gaban yara duka ta laluba ta miƙa mata sandarta da mabuɗin gidan, ni ina tsaye a gefe kamar baƙuwa. Daga baya ta kira ni ɗakinta ta ce in yi haƙuri, ita ta san na riga Fatsuma zuwa, amma in ta ba ni iyayen 'yan bene za su kwashe yaransu, kuma bakina ya yi kaifi. Na ce mata ta faɗi gaskiya kawai, fatata ce ta yi duhu. Ba ta musa ba, wannan kuwa ya fi mini zagi ciwo.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, Fatsuma ta biyo ni zaure tana kuka, tana ce mini Yaya, wai ita ba ta nema ba. Ko kukan nata kyau yake mata, Malam! Na naɗe tabarmata na fito.

Na buɗe makaranta a tsakar gidanmu. Na bi matan Takari gida-gida, har unguwar Rusaifa na je, na gaya musu muddin suka bar yaransu a can, a zaure za su tsufa tare da awaki. Da yawa sun ba ni yaransu. Yanzu in ka ji karatu na tashi daga gidanka da hantsi sai ka ji daɗi. Wasu 'yan kaɗan sun zauna a can, iyayensu masu son a ce suna tare da Larabawa, Allah Ya ba su sa'a.

Kada ka sake rubuto mini cewa Fatsuma yarinya ce mai ladabi. Na gani a takardarka, kuma ban ji daɗinsa ba.

Taka,
Rumasa'u

Misfala, Makka
Shawwal, 1372

Zuwa ga Malam, Baban Saudatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Barka da shan ruwa, barka da Salla. Ina fatan ka yi ta lafiya. Yadin da ka aiko ya iso, Allah Ya ƙara buɗi. Ka yi haƙuri da shiruna, hannuna ne ya ƙi ɗaukar alƙalami.

Da aka koma karatu bayan Salla, Fatsuma ta rufe zaure. Ta kwashi 'yan Takarin da suka rage ta hau da su bene, ta zaunar da kowa gwargwadon inda karatunsa ya kai, ba ruwanta da gidan da ya fito. Wata 'yar mai sayar da ruwa ta zauna a sahun gaba, 'yar wani babban attajiri tana bayanta. Washegari uwar 'yar attajirin ta zo tana kumfar baki, ta ce 'yarta ba za ta sha ruwa moɗa ɗaya da Takruniyya ba, wato 'yar Takari. Fatsuma ta amsa mata da Larabcin nan nata cewa ita ma da ke koyar da 'yar tata Takruniyya ce, 'yar Bakano, in ana ƙyama a fara da ita. Matar ta ja 'yarta, wasu da dama suka bi ta. Inna ta yi kwanaki ba ta yi wa Fatsuma magana ba, Fatsuma kuwa ba ta janye ba.

Labari ya cika Misfala. Yarana suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, yau wannan ba ta da lafiya, gobe in hango ta da allo ta nufi gidan Inna. A taron suna na gidan maƙwabciyarmu Baraka ina zaune, mata suna ta yabon Fatsuma, wai Allah Ya ba mu mai share mana hawaye, wai ba a taɓa samun wadda ta yi tunanin haka ba. Ba a taɓa ba! Malam, maganata ce fa. Ni na yi shekaru ina faɗa da bakina, aka ce fitina ce. Ita ta faɗa sau ɗaya da farar fuska da Larabci mai kyau, ta zama waliyyiya. Ta karɓi sanda, ta karɓi mabuɗi, yanzu har faɗan nawa ta karɓe. Shinkafar sunan nan ban iya haɗiye ta ba.

Na san abin da za ka ce, kada ka ɓata tawadarka. Ta yi daidai, na sani. Da ta yi kuskure da na samu barci. Kishinta nake yi, na faɗa maka ƙarara, kuma na yi istigfari har na gaji bai sake ni ba.

Jiya ta zo gidanmu da kanta, ta tarar da ni da Saudatu kaɗai a kan tabarmar da ke ɗaukar yara da yawa. Ba ta kalli tabarmar ba, na lura ta kau da kai don kada in ji kunya, wannan ma ya ba ni haushi. Ta ce yara sun yi mata yawa, in zo mu zauna tare a bene. Saudatu ta zuba mini ido, allonta a rungume.

Ranar Asabar zan koma. Zan hau benen da 'ya'yanmu, kamar yadda na daɗe ina fata, sai dai a bayanta zan hau. Ka je masallaci ka roƙa mini abu ɗaya: in mun shiga, bakina ya iya kiranta Fakiha a gaban yara.

Ka huta lafiya. Allah Ya dawo mana da kai.

Matarka mai kewarka,
Rumasa'u