Ni Ce Na Taɓa Jar Motar

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku daure ku karanta har ƙarshe. Kwana bakwai ke nan ina zagin kaina, na ma riga ku.

Ni matar aure ce a Kibiya, shekararmu goma sha ɗaya da maigidana, 'ya'yanmu uku. Fataucin hatsi yake yi. Mutum ne mai kyauta, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, sai dai in ransa ya ɓaci idonsa rufewa yake. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, bakanike ne a Rano. Abokin maigidan ne tun suna makaranta, ta hanyarsa ma muka haɗu. Shi yana ce wa Yaya Injiniya, Yaya yana ce masa Alhaji, in suka haɗu sai ka toshe kunne don tsiya da dariya.

Bayan kaka maigidan ya ga wata jar motar tsere ta hannu a Kano, gajeriya kamar za ta lashi ƙasa, ƙofofin bayanta ma ta baya suke buɗewa. Ya dawo ya kasa cin tuwo. Ranar da ya kira Yaya shawara ni na kai musu fura zaure, na tsaya bayan labule ina ji. Yaya ya ce, "Alhaji, wannan ba irin motocin da ka sani ba ce. Injinta rotari ne, babu fiston ko ɗaya, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a ciki. Tana shan fetur, tana shan baƙin mai, kuma ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera ta. In ta tsaya maka a hanyar Durba wa zai buɗe ta? Ni kaina sau biyu na taɓa gani." Maigidan ya ce, "Kai dai hassada ce, Injiniya, ka saba da akwala." Yaya ya yi dariya ya ce to tunda ya nace, kada ya ba da ko sisi sai an gwada ƙarfin matsin injin da na'urar da aka yi dominsa, kuma a kashe ta da zafinta a ga ko za ta sake tashi nan take, don mai sayarwa da sanyi kawai yake son ka gwada.

Suka tafi tare, Yaya ya duba, ya ce injin ya manyanta amma da sauran rai in an bi dokarsa. Da suka kawo ta gida, a tsakar gida a gabana ya maimaita: "Abu ɗaya, Alhaji. In ka tayar da ita da sanyi, kada ka kashe sai ta yi zafi sosai. In ka kashe, fetur zai cika mata ciki ya jiƙa filogi, ta shaƙe." Na ji. Wallahi da kunnena na ji. To me ya kai ni?

Ina turara shanshera ina sayar da shinkafa, kuma wuri ɗaya ne a gidan mai siminti inda nake shanya. A nan maigidan ya kafe motar, ya ce ƙasa za ta ɓata mata taya. Kwana huɗu ina shanya a tabarma, kaji suna bi, tsakuwa tana shiga. Ranar Larabar da ta wuce ya hau babur ya tafi kasuwa, don hanyar ba ta biyuwa ga motar. Na sauke tukunya biyu, na kalli simintin, na kalli motar. Makulli na biyu yana cikin kwallata, shi ya ba ni ajiya ya manta. Kuma na iya tuƙi, Yaya ne ya koya mini tun ina budurwa. Na ce taku goma ne kawai. Na tayar, na matsar, na kashe da sauri don kada maƙwabta su ji rurinta. Da la'asar na kwashe shinkafa, na sake tayarwa, ta yi tari kafin ta kama, na mayar da ita daidai kan sawunta, na kashe. Har tsintsiya na sa na share sawun tayar. Kun ga ai na san laifi nake yi.

Washegari da safe ya ci ado zai tafi ɗaurin aure da abokansa biyu. Ya murza, ya murza, ba ta kama ba, sai warin fetur. Ya yi ta yi har batir ya mutu, mutanen layi suka taru suna ba da shawara, wani ya ce, "Alhaji, ai an sayar maka da gawa." Wani bakaniken babur ya leƙa ya ce injin ya tafi, kuma duk wanda ya duba ta ya san da haka, an dai ba shi nasa kason ne. Na ga wuyan maigidan ya kumbura. Ina bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu. Kalma huɗu ce: ni ce na taɓa. Sai na juya na koma cikin kicin.

Aka ɗaure ta da igiya aka ja ta zuwa Rano. Na zari hijabi na tari adaidaita na bi su, ina cewa a raina a can zan faɗa. Na tarar Yaya ya buɗe bonet, ya zaro filogi ya shinshina. Ya ce, "Alhaji, wani ya tayar da ita ya kashe da sanyi." Maigidan ya ce, "Makulli yana aljihuna! Nawa suka ba ka?" Yaya ya ce, "Ni? Ni za ka tambaya nawa aka ba ni?" Sai ya ɗago ya hango ni a bakin gareji. Ya kalle ni, na sunkuyar da kai, kuma na san ya gane. Shi ya koya mini riƙe sitiyari. Ya juya ya ce a hankali, "To, wataƙila ni ne ban duba da kyau ba."

Wannan maganar maigidan ya ɗauka a matsayin amsa laifi. Ya shaƙo wuyan rigar Yaya ya buga shi da jikin motar, yana cewa, "Macuci! A gidana kake cin tuwo!" Yaya bai rama ba, ya dafa gefen motar zai miƙe. Maigidan ya rarumi ƙarfen kwance taya ya sauke masa a hannun dama. Na ji ƙarar, irin ta busasshen kara in an taka. Yaya bai yi ihu ba, durƙushewa ya yi yana kallon yatsunsa da suka juya baya. Kafin in kai gare shi sauran bakanikai sun yi kan maigidan. Wani ya fasa masa goshi da sifana, jini ya wanke farar shaddarsa, suka kayar da shi suna tattakawa, wani ya ɗaga dutse ya ragargaza gilashin motar, wani ya taho da galan ɗin fetur yana neman ashana. Ina ta kururuwa ina salati, na rasa wanda zan rufe da jikina, mijina ko ɗan'uwana. Yaya ne ya miƙe da hannu yana lilo ya tsaya kan maigidan ya ce, "Duk wanda ya ƙara taɓa shi, ni ya taɓa. Uban 'ya'yan ƙanwata ne."

Yatsu uku suka karye, likita ya ce biyu ba lallai su sake lanƙwasuwa ba. Bakanike ne, Anti, da me zai riƙe sifana? Da na kai masa kunu asibiti na fashe da kuka, ya ce, "Share hawayenki. Taku nawa kika matsar da ita?" Na ce goma. Ya yi murmushi ya ce, "Shinkafar ta bushe dai?" Sannan ya ɗaure fuska ya ce, "Kin ga abin da ya yi mini a kan zato. Kada ki buɗe baki. Hannu ya riga ya tafi, kada aure ya bi shi." Ya ce motar ma ba ta mutu ba, filogi za a busar a fitar da fetur ɗin, aikin awa ɗaya.

Yanzu ƙannen babanmu na ƙauyen Saji sun ce sai sun karya hannun maigidan, 'yan'uwansa kuma suna yawo da gora. Dattawa sun sa zama ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Jiya ina wanke wa maigidan ɗinkin goshi ya ce mini zai yi alwala ya dafa Alƙur'ani a gaban kowa, ya rantse babu wanda ya tayar da motar nan a gidansa bayan shi. Ya ce, "Ke ce ma shaidata, kina gida wuni guda." Da gaskiyarsa zai rantse, ƙaryar tawa ce. In na yi shiru, Yaya ya zama maci amana a bakin mutanen Rano har abada, ni kuma na bar mijina ya ɗora hannu a Littafin Allah a kan abin da na san ba haka ba ne. In na faɗa, na saɓa wa wanda ya ba da yatsunsa don ya rufa mini asiri, kuma na ga abin da hannun maigidan yake iyawa.

Yau Laraba. Makullin yana nan cikin kwalla, motar tana Rano, simintin ya zama nawa ni kaɗai, na kasa shanya ko ƙwaya ɗaya a kai. Don Allah ku gaya mini kafin jibi, me zan yi?