Akawal Ya Taka Ƙafa

Assalamu alaikum Yaya Mamman,

Ina gajiya, yaya aiki, yaya zaman Agadas? Yaya Zara'u da yara? Nan Damagaram kowa lafiya.

Dokinmu Akawal ya taka ƙafa, Yaya! Kwanakin baya gwiwarsa ta kumbura har ya daina tsayuwa a kanta, Kawu Ila ya zo da ƙarfe wai zai sa a wuta ya yi masa lalas. Na ce, "Kawu, dokin Baba ne fa, ba tsire ba!" Har yau ba ya amsa gaisuwata. Na taɓa karanta cewa magani na kwantar da kumburi, sai na ɗauko lokotoro, likitan dabbobi. Ya yi allura, ya bar garin magani a zuba a dusa. Ya ce tsufa ba ya warkewa, zafin ne zai sauka.

Washegari da hantsi na tarar da shi a turke kan ƙafa huɗu, yana haniniya. Wallahi da gudu na je na kira Baba.

Yanzu Baba ya nace a ɗiba masa garin maganin a kunu don tasa gwiwar, wai gwiwa ai gwiwa ce. Na ɓoye maganin. Don Allah ka kira shi, kai yake ji.

A sa mu a addu'a. Gai da mutanen gida.

Ƙaninka,
Lawali